Mataccen Batir a Kunnen Inna

Yelwa, Yauri
Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kin tashi lafiya, ke da jaririya da maigidanki. Ya ƙarfin jiki? Allah ya sa ɗinkin aikin haihuwar yana kamewa, kuma kina jin maganar likita, ba kya ɗaga komai mai nauyi. Matata Hasiya tana gaishe ki, yaranmu ma suna gaida gwaggonsu.

Ɗangana direba ne zai kawo miki wannan takarda in ya shigo Shanga gobe. Na ga gara in rubuto, domin layin wayarku yankewa yake yi, kuma abin da ke bakina ba na ɗaga murya a waya ba ne.

Har yanzu ba a ga ƙaninmu Surajo ba. Jiya a bakin ruwa na wuni a Wara. Waɗanda suka tsira sun ce jirgin ya taso daga kasuwar tsallake maƙil da mutane da kwandunan kifi, hadari ya rutsa su a tsakiyar tafki, direban yana neman gaɓa ya hau kan kututturen itacen nan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Wata mata ta ce ta ga Surajo riƙe da jarka, yana tura ta wajen wasu mata da ke nutsewa. Daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa. Masunta suna ta zagaye da kwale-kwale. Kin san shi da iyo tun yana ƙarami, shi ya sa ban cire rai ba. An ce ruwa kan kai mutum wani tsibiri, sai daga baya a ji labarinsa.

Yaya, Inna ba ta sani ba. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi da ni.

Kin tuna abin da likita ya gaya mana watan jiya, da hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida. Ya ce kada a tayar mata da hankali, domin faɗuwa ta biyu ba ta zuwa da sauƙi. Hannunta na dama ma bai gama dawowa ba. Ranar Asabar da labarin ya iso mini a shago, maganar likitan nan ce kawai ke yawo a kaina. Na shigo gida bayan magariba na iske ta a kan tabarma, ta ɗora wayar a cinya, ta gyara na'urar ƙara ji da ke kunnenta, tana jiran kiran Surajo kamar kullum. Ta ce mini, "Yau Auta ya makara. Ko kasuwa ce ta yi daɗi?" Ga shi maƙwabta sun fara jin labari, ina jiyo salatin mata ta bayan katanga. Ke kika sayo na'urar nan, kin san ƙarfinta. Inna takan ji kukan kazar gidan maƙwabta da ita.

Sai na ce ta kawo in goge mata, na ga kamar ta yi datti. Ta ciro ta miƙo mini ba tare da tunanin komai ba.

Tun ranar da kika damƙa mini kula da baturanta ban saɓa abin da kika koya mini ba. Masu shuɗiyar takarda kawai nake saye, su ne daidai da na'urarta, kuma sai na duba ranar lalacewarsu a bayan fakitin. Suna cikin ƙaramin akwatin katako a saman durowa, nesa da zafin madafi da laimar damina, ba na haɗa su da makulli ko wani ƙarfe. Waɗanda suka mutu kuwa ina tara su a kwalba mai murfi, don kada yara su tsinta su haɗiye. Ranar nan na shiga ɗaki, na buɗe 'yar ƙofar na'urar, na fitar da batir mai rai wanda ni da kaina na saka mata ranar Alhamis, na zazzago matacce daga kwalba na saka a gurbinsa.

Ta maƙala a kunne, ta ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ta juya kai hagu da dama. Ta ce, "Isma'ila, wanga abu ya yi shiru." Na duƙa kusa da kunnenta na hagu, wanda ke ɗan ji in an yi ihu, na ce mai yiwuwa sanyin damina ne ya shige ta, zan kai gyara. Sai ta miƙo mini wayar ta ce in gaya wa Auta kada ya wahalar da kansa da kira sai an gyara, kuma in gaishe shi.

Masu zuwa jaje gidan Kawu Bello muke tura su. Hasiya na tare matan da suka zo tun daga zaure, tana ce musu likita ya hana a shiga. Kawu ya ce shi abin bai kwanta masa ba, Inna yayarsa ce, ya san ta fi ƙarfin yadda muke ɗaukarta. Amma ya yarda a jira har a san gaskiyar lamari. Ni ma abin da nake nufi ke nan. In Allah ya fito mana da Surajo da rai, me ya sa za a kashe ta da labarin da ba tabbas? Ana ganinsa zan mayar mata da kunnenta.

Ki yi mana addu'a. Kada ki taso a halin da kike ciki, hanyar nan ba ta mai ɗinki ba ce.

Ni ne ƙaninki,
Isma'ila

Yelwa, Yauri
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta jaririya da ta maigida. Ya haƙurin rashi? Allah ya jiƙan Surajo, ya karɓi shahadarsa, ya ba mu juriya. Na san maigidanki ya sanar da ke tun ranar Laraba, shi ya sa ban kira ba. Ba zan iya jin kukanki a waya ba.

Masuntan wani ƙauye ne a ƙasar Ngaski suka same shi cikin ciyawar bakin ruwa. Yadda jikin ya yi, ba halin ɗauko shi. Na samu sallarsa, ni da Kawu, aka rufe shi a can kan tudu tare da wasu. Mutanen ƙauyen sun yi mana kirki, Allah ya saka musu.

Amsarki ta iso gare ni. Na karanta ta a shago, na kasa taka keken ɗinki har azahar. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Kin ce ba ni na ba Inna kunne ba, don haka ba ni da ikon karɓewa. Kin ce in mayar da batirin a take. Yaya, ban mayar ba.

Na dawo daga jana'iza da niyyar gaya mata. Na sauko da akwatin, na ɓalle batir guda, har na ɓare shuɗiyar takardar. Kin ce in an ɓare a dakata kaɗan ya sha iska kafin a saka, to a cikin ɗan jiran nan ne zuciyata ta karaya. Na hango ta ta taga tana zaune a inuwa, tana tsince wa Hasiya shinkafa da hannun hagu, sai na ga kamar ina kallon ta a karo na ƙarshe. Na ajiye batirin. Yana nan kan akwati yana ƙarewa a banza, tunda wanda aka ɓare ba ya komawa barci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta ɗora laifin a kanta. Ta ce ita ce ta jiƙa na'urar wajen alwala, ta ɓata abin da aka sha wahala aka sayo mata. Kin san ba ta kiran sunanki, sai ta ce kada in kuskura in gaya wa "waccan ta Shanga", tana jego a ɗaga mata hankali. Shekaranjiya na iske ta ta naɗe na'urar a tsumma ta ajiye kusa da murhu wai ta bushe. Da ƙyar na karɓe, na yi mata ihu cewa zafi zai narkar da ita. Ta kalle ni kamar yarinyar da aka kama da laifi, ta ce in yi haƙuri.

Ta daina jin kiran salla, sai Hasiya ta taɓa mata kafaɗa. Ta rage fitowa tsakar gida. In yara sun zo suna mata surutu, sai ta bi bakinsu da kallo tana murmushin da ba na komai ba. Tuwon ma kaɗan take taɓawa. In ta idar da salla takan daɗe da hannu a sama, kuma da yake ba ta jin muryarta, addu'ar fitowa take yi fili. Roƙon Allah take ya gyara mata wannan abu, ko ya buɗe mata kunnen da ya halitta mata.

Kullum bayan magariba sai ta tambaya ko Auta ya kira. Ina gyaɗa kai. Jiya har na kara wayar a kunnena a gabanta, ina motsa baki, ina yi kamar muna magana, ita kuma tana cewa in gaya masa ya daina shiga jirgi in ya ga hadari. Hasiya ta tashi ta shige madafi. Daga baya ta ce mini ita kam ta gaji, ba ta iya haɗa ido da Inna, in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Kawu ma ya daina amsa gaisuwata da kyau.

Ga abin da na yanke. Ranar Lahadi zan je Wara in kwaso kayan Surajo, in mayar wa mai gida makullin ɗakinsa. Ranar Litinin zan ɗauko ma'aikaciyar jinyar nan da ke auna ta, Kawu ya zo, a ba ta maganinta, sannan in saka mata sabon batir mu gaya mata a hankali. Na yi miki alkawari ba zan ƙara ɗagawa ba.

Ki yafe mini. Ki shafa mini kan jaririya.

Ƙaninki,
Isma'ila

Yelwa, Yauri
Ranar Talata

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da 'yar jaririya da mutanen gida. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta. Inna ba ta faɗi ba, an auna ta jiya da yau, jinin ya hau amma ba irin na wancan karon ba.

Ta ji, Yaya. Kuma ba daga bakina ba.

Ranar Lahadi ina Wara. Hasiya ta kai ƙaramin yaronmu asibiti da hantsi, yana zazzaɓi, ta bar Inna tana kwance. Ashe Inna ta daɗe tana jiran ranar da gida zai zama ba kowa. Ta gaji da jin zan kai gyara, zan kai gyara, kuma tana ganin ta ɗora mini wahala. Ta ɗauko na'urar daga inda na ajiye, ta ƙulle a bakin gyale, ta ɗauki sandarta, ta fita ta tari mai keke. Ta san wajen Malam Abdulrahman mai gyaran agogo a bakin kasuwa nake sayen baturanta, shi ke sa a kawo mini su daga Sakkwato. Can ta nufa.

Sauran daga bakinsa na ji, domin jiya ya zo har shago yana ba ni haƙuri, idonsa jawur, alhali ba shi da laifin komai. Ya ce ta iso tana haki, ta kwance gyale ta ce ya taimake ta, ita ta ɓata, kada ya gaya wa yaranta. Ya buɗe ƙofar na'urar ya duba, bai ga alamar ruwa ko tsatsa ba. Sai ya ce bari ya gwada sabon batir tukuna. Ya ɗauko mai shuɗiyar takarda, ya ɓare, ya bari ya sha iska, ya saka, ya maƙala mata. Ya ce da na'urar ta yi ɗan kiɗan nan nata na tashi, fuskar Inna ta washe gaba ɗaya. Ta juya tana kallon kasuwa, tana jin masu kifi da ƙarar babura, tana dariya tana cewa Allah mun gode. Ya tambaye ta ko tana jinsa, ta ce ras take ji.

Shi kuma, bawan Allah, ya je gaisuwa gidan Kawu an ce masa Inna ba ta da lafiya ba a shiga wurinta. Ganin ta a gabansa, sai ya ga dama ta samu. Ya rusuna ya ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Surajo, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada."

Wannan ce magana ta farko da ta shiga kunnenta.

Ya ce ba ta yi ihu ba. Ta dafa teburinsa, ta zauna a kan benci, ta ce, "Wane Surajo?" A nan ya gane. Ya so ya janye maganar, ta ce ya dubi girman Allah ya gaya mata duka. Ta tambayi ranar da jirgin ya kife, ya faɗa. Ta tambayi ranar da aka gan shi, ya faɗa. Ta tambayi inda aka rufe shi. Sannan ta ce ya ba ta tsohon batirin da ya cire, ta juya shi a tafin hannu, ta tambaya ko irin wannan yakan mutu farat ɗaya daga sakawa. Ya ce mata shi bai sani ba. Ya rufe shago ya rako ta har ƙofar gida.

Na iso da la'asar da jakar kayan Surajo a hannu. Tun daga zaure na ga Hasiya tsaye, fuskarta ta gaya mini komai. Na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado, na'urar na kunnenta, mataccen batirin yana kan tabarma a gabanta. Ta dubi jakar, ta dube ni. Na durƙusa na fara cewa likita ne, tsoro ne, sai ta ɗaga hannu.

Zan rubuta miki abin da ta ce yadda ta faɗa, domin ba na jin zai taɓa fita daga kaina. Ta ce, "Mutuwa ba kai ka kawo ta ba, Isma'ila, ba ni riƙe ka da ita. Amma ɗana yana cikin ruwa ana nemansa, ni ina nan ina roƙon Allah shi gyara mini ƙarfe. Dukkan kwanakin nan ban roƙa masa komai ba. An wanke shi, an sallace shi, ina tsintar shinkafa. Ka bar kowa ya yi masa addu'a, sai uwarsa."

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai ta kai hannu ta cire na'urar ta ajiye a kan matashi, ta juya fuska ga bango.

Tun daga lokacin haka muke. An buɗe ƙofa, mata suna ta shigowa gaisuwa, tana amsawa, tana yi musu godiya. Tana magana da Hasiya, tana magana da Kawu. Amma in na ɗaga labule, kafin in gama sallama ta cire ta. Na tsaya ina magana ni kaɗai, ita tana jan carbi. Ta sa Hasiya ta kwaso akwatin baturan ta kai ɗakinta. Da farko cikin gwangwanin da take ajiye makullai da allura ta so zubawa, Hasiya ta lallashe ta ta bar su a fakitinsu, aka rataye akwatin inda yara ba sa kaiwa. Yatsunta ba sa iya ɓare takardar, don haka Hasiya ce ke yi, a gabanta, tana kallo. Ni an ce kada in taɓa.

Wani abu kuma yana ba ni tsoro. Har yau ba ta yi kuka ba. Ko ɗigon hawaye. Ma'aikaciyar jinyar ta ce wannan riƙewar ta fi kukan haɗari. Ni da na yi duk wannan don kada jininta ya hau, yanzu zaune nake ina roƙon Allah ya sa ta yi kuka.

In kin sami layi ki kira wayar Hasiya, za ta kara mata. Ke za ta saurare ki. Kada ki roƙa mini komai a wurinta, ban cancanta ba tukuna.

Ƙaninki,
Isma'ila

Yelwa, Yauri
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigida da 'yar jaririya. Ɗangana ya ce ya gan ki tsaye a ƙofar gida kina tafiya da ƙafarki, na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da shiruna na kwanakin nan, ba abin da zan rubuta ne sai abin da kika riga kika sani.

Na gode da kiran da kika yi mata. Hasiya ta ce kun daɗe, kuma ba ki ambaci sunana ba sai ita Inna ce ta ambata. Ban tambayi abin da ta ce ba.

Fiye da mako na yi ina shiga gaishe ta safe da yamma, tana cire na'urar, ina gaida bayanta in fito. Ban fasa ba. A shago kuwa na ɓata wa mutane ɗinki har na ji kunya, na rufe na zauna gida.

Jiya bayan la'asar, masu gaisuwa sun ragu, Hasiya ta zo ta ce Inna na kirana. Na shiga. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta kai hannu kunne, ba ta kai ba. Ta nuna mini tabarma ta ɓangaren da na'urar take, ta ce in zauna nan. Kayan Surajo suna gabanta, ta fito da su daga jaka ta ninke, rigunansa da hular nan tasa mai ruwan toka. Ta daɗe tana shafa hular.

Sannan ta ce, "A kasuwa na ji, a bakin mai agogo. Mata sun zo sun faɗa, kawunku ya faɗa. Waccan ta Shanga ta yi ta kuka a waya ba ta iya faɗa ba. Har yau babu wanda na haifa da ya dube ni ya gaya mini. Kai ka je bakin ruwa, kai ka ga an sa shi a ƙasa. Gaya mini kamar ban sani ba."

Yaya, na ɗauka na san abin da ake kira nauyi. Na faɗa ƙasa-ƙasa, kaina a sunkuye. Ta ce, "Ɗago kanka. Batirin sabo ne, muryarka ce ba ta fita."

Na ɗago na dube ta cikin ido. Na ce, "Inna, jirgin su Surajo ya kife a tafki. An neme shi, an same shi. Inna, Auta ya rasu."

Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta maimaita. A na uku muryarta ta karye. Ta kifa fuska a cikin hular, ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, ko ranar da Baba ya rasu. Na matsa zan riƙe ta ina tsoron ta ture ni. Ba ta ture ni ba. Ta damƙi wuyan rigata da hannun nan nata mara ƙarfi, tana girgiza ni tana kiran sunansa, ni ma kukan da na danne tun a Wara ya ƙwace mini. Hasiya ta shigo da gudu ta durƙusa. Maƙwabta suka jiyo ta kan katanga suka shigo, babu wanda ya tare su a zaure. Aka aika wa Kawu ya zo. Sai jiya aka yi makokin Surajo a gidanmu.

An auna ta da safen nan, jinin ya sauka. Ta ci tuwo. Ban tambaye ta ko ta yafe mini ba, ita ma ba ta ce ba, kuma akwatin yana ɗakinta har yanzu. Da na shiga gaishe ta yau, ta bar ni na gama gaisuwar, ta amsa, sannan ta ce in kin yi arba'in ni zan je Shanga in ɗauko ki, tana son ta ji kukan jikarta.

Ki gaida maigida da kyau, ki yi masa godiya a madadinmu. Allah ya jiƙan Surajo, ya raya mana jaririya, ya bar mana Inna.

Wassalam.

Ni ne ƙaninki mai neman afuwarki,
Isma'ila